Abin da aikin auna ƙwaƙwalwar jarirai ya koya mini

Aikina a wani asibiti a Jos shi ne manna ƙananan wayoyi a kan jarirai domin na'urar EEG ta zana wutar da ƙwaƙwalwarsu ke fitarwa, kuma babban abin da na koya shi ne ciwon ƙwaƙwalwar jariri ba ya zuwa da hayaniya. Mun saba da farfaɗiyar manya mai kayar da mutum ƙasa, amma jaririn kwana uku yakan yi jijjiga ba a ga komai ba sai motsin leɓe ko kafewar ido, wani lokacin ma na'urar kaɗai ce ke gani.

Wanda ya fi damuna shi ne nau'in farfaɗiyar da likitan Ingila William West ya bayyana a 1841 bayan ya gan shi a jikin ɗansa. Yakan fara tsakanin wata 3 da wata 12: yaro ya dunƙule, kansa ya faɗo gaba, hannayensa su zabura, a jere sau da yawa, galibi da tashinsa daga barci. A gida sai a ce murɗar ciki ce ko firgita, a ba shi jiƙo, alhali zanen ƙwaƙwalwarsa ya hargitse gaba ɗaya. Jinkiri a nan yana da tsada, domin kafin shekara 2 ƙwaƙwalwa takan kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman ta babban mutum, kuma yaron da ke murmushi yana juyawa yakan rasa abin da ya riga ya iya.

Shi ya sa kafin in kunna na'ura nakan tambaya, "Maman yaro, yaushe ya daina yi miki murmushi?" Amsarta takan zo da wata da mako, kuma a ganina ba a ba wannan shaida darajar da ta kamata. Nakan roƙe ta ta ɗauki bidiyon zaburar da wayarta, tunda ciwon ba ya jiran ranar ganin likita.

Na'urar tana da iyaka. Ba ta tabbatar da lalurar otizim, wadda ke taɓa yadda yaro ke magana da hulɗa da mutane. A nan hali ake dubawa, kamar yaron da ba ya waiwayowa idan an kira sunansa yana ɗan shekara 1. Akwai kuma lahanin da za a iya karewa tun farko: cutar shawara mai tsanani a makon haihuwa tana taɓa ƙwaƙwalwa da ji, kuma kafur ɗin da ake sawa cikin kayan jariri yana iya tsananta ta, don haka jaririn da idonsa ya yi rawaya asibiti ya kamata a kai shi a ranar.