Ɗinkin dare da ciwon hanjina

Ni tela ne a Maradi, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san dare ne kasuwarta, musamman gab da sallah. Zafi ya lafa, ga shayi a kan gawayi, sai mu yi ta taka keke har kiran assalatu. Na daɗe a haka kafin gudawa mai jini da majina ta kama ni. Kowa ya ce atini ne, na sha maganinsa har na gaji. Sai da aka tura ni Yamai aka leƙa cikina da na'ura mai kyamara, aka ce kolitis ne: garkuwar jiki ce ke far wa babban hanji har ya kumbura ya yi gyambo. Yakan lafa, ya kuma taso.

Likita ya rubuta mini mesalazin da firednisolon, sannan ya ce, "Malam, ƙarfe nawa kake kwanciya?" Da na faɗa masa, sai ya ajiye biro. Ya ce jiki na da agogonsa mai zagayen kusan awa 24. Babban yana cikin ƙwaƙwalwa, haske ne ke saita shi ta ido. Hanji ma yana da nasa, shi kuwa lokacin cin abinci yake bi, har ƙananan halittun da ke zaune a cikinsa suna sauya aiki tsakanin dare da rana. Mai cin tuwo ƙarfe biyun dare a ƙarƙashin fitila ya raba agogon nan biyu ke nan. Ya ƙara da cewa masu irin ciwona da ba sa samun barci mai kyau sun fi fuskantar tasowarsa. Daga baya na ji cewa binciken wannan agogo ne ya sa aka ba Amurkawa uku, Hall da Rosbash da Young, kyautar Nobel a 2017.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne firednisolon. Da safe ake shansa, bayan karin kumallo, domin da sassafe jiki ke zubo sinadarin kotisol, wanda maganin ke kwaikwaya. Mai sha da dare yakan kwana ido biyu.

Na juya ranata. Bayan isha'i da kaɗan nake rufe shago. Shayi ba ya wuce la'asar, goro ma haka, abincin dare kuwa da magariba. Daga masallacin asuba nake hawa keke, ƙofa a buɗe hasken safiya na shigowa. Watannin farko sun yi wuya, kuɗi ya ragu, abokan fada suka ce na yi musu yaji. Sannu a hankali tashin dare zuwa makewayi ya ragu, nauyina ya fara dawowa. Maganin ban taɓa ajiye shi ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ajiyewa ba. Magungunan rage raɗaɗi diklofenak da ibufurofen ne na daina, don suna iya tayar da ciwon.

Azumi ne babban gwaji, ga sahur ga ɗinkin sallah. Tun cikin Sha'aban nake zuwa wurin likita mu tsara lokutan magani, mu duba ko jikina zai ɗauki azumin bana. Masu kawo ɗinki kuma nakan ce musu, "Hajiya, a kawo atamfar kafin goma ga wata, bayan nan ba na karɓa." Wasu sun koma wani shagon. Yaran da ke koyon aiki a wurina ma ƙarfe tara nake sallamarsu.