Wuni guda da rap ɗin Koriya ta Kudu

Laraba, bayan isha'i.

Yau tun safe hip-hop ɗin Koriya ta Kudu nake saurare, daga tushe, bi da bi. Amsa-amo na sa wa kunne, don a nan gizo ke saƙar.

Na fara da ƙungiyar Seo Taiji and Boys. A 1992 suka fito a tashar talabijin ta MBC da waƙar "Nan Arayo", alƙalan shirin suka ba su maki kaɗan, matasa kuwa suka rungume su. Rap ne da Koriyanci a kan kiɗan rawa irin na Amurka. Sai dai waƙoƙin wancan zamani, in ka kasa kunne ga ƙarshen layukansu, za ka ji amsa-amon bai nuna ba tukuna.

Dalilin yana cikin harshen. A Koriyanci aikatau ne ke rufe jimla, kuma yakan ƙare da ɗafi irin su -da, -yo ko -ji. Mawaƙi na iya jera layi 16 duk su ƙare da -da, ko gumi bai yi ba. Mu ma mun san irinsa: sha'irin da ya kama -wa ya ƙi saki, dawowa, fitowa, komawa. Kunne yakan gaji, domin nahawu ne ya yi aikin, mawaƙi ya kwashi lada.

Bayan azahar na koma ga waɗanda suka warware ƙullin. A ƙarshen shekarun 1990 matasa sun riƙa haɗuwa a zaurukan sadarwar kwamfuta, ƙungiyar BLEX a dandalin Hitel, ƙungiyar SNP a dandalin Nownuri, sannan su gwada abin da suka rubuta a gidan wasa na Master Plan da ke unguwar Sinchon a Seoul. Daga SNP mawaƙi Verbal Jint ya fito, kuma faifansa na 2001, Modern Rhymes, shi ne ya nuna hanya. Ana daidaita wasulan gaɓa biyu ko uku a jere, ko da baƙaƙen sun bambanta. Saram mutum ne, sarang ƙauna, baram iska. Duka ukun a-a suke ɗauke da shi, don haka suna amsa juna. Sannan a juya tsarin jimla, suna ya zo ƙarshe, aikatau ya shige ciki, a ɗora gaɓar amsa-amon daidai inda ƙaramar ganga ke bugawa, bugu na 2 da na 4. Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne cusa kalma don sautinta kawai, ma'ana ta watse, ko a ruga wa Turanci duk lokacin da Koriyanci ya cije. Ƙungiyar Garion, 'yan BLEX, sun ƙi wannan hanya ta jingina da Turanci. Da Koriyanci zalla suke rubutu, kuma a ganina faifansu na 2004 ya fi dacewa da mai koyo.

Da yamma na bi faifan farko na sauran ƙungiyoyin da sauri: Drunken Tiger 1999, Epik High 2003, Dynamic Duo 2004. Sai gasar rap ta Show Me the Money da tashar Mnet ta fara a 2012. Zagayen farko ba kiɗa, murya kaɗai. Na biyu daƙiƙa 60 ne. Wannan ƙurarren lokaci ya sa da yawa suka ɗauki gudun harshe a matsayin gwaninta, abin da ban yarda da shi ba.

Mai bin baitocin da haruffan boko ya kula: "eo" wasali ɗaya ne, kusa da o buɗaɗɗe, haka ma "eu" ɗaya ne. Baƙin da ya rufe gaɓa kuma yakan tsallaka ga ta gaba in da wasali ta fara, saram-i ya zama sa-ra-mi. In ka ƙirga gaɓoɓi da ido, amsa-amon zai kuɓuce maka. A rage saurin waƙar, a ƙirga da kunne.