Tarihin Rayuwata, Kashi Na Sha Ɗaya: Motar Da Aka Canza Wa Komai

Makon jiya mun tsaya a inda na samu rumfa tawa ta kaina, na kafa jak da akwatin sifanu, yara suka fara taruwa a ƙarƙashina. Na so yau in tsallaka zuwa shekarar da gobara ta cinye rabin garejin, amma akwai wata mota da dole in fara ba da labarinta. Ta dalilinta ne wani yaro ya shigo rayuwata, kuma da hannunsa a duk abin da ya biyo baya.

Corolla ce ƙirar 2005, mai injin 1.8. Mai ita dattijo ne ma'aikaci, irin mutanen nan da ke adana rasit ɗin kowane noti. Ya shigo da ita tana karkarwa a silo, wato idan injin na aiki mota na tsaye, wutar cek a kunne, ya ce kuma shan manta ya ƙaru. Kafin in ce uffan ya buɗe but, ya jawo buhu ya zazzage a gabana. Fulogi huɗu, koyil huɗu, famfon mai, nozul, sensar salansa. Duk daga jikin motar aka ciro su cikin 'yan watanni, a gareji daban-daban, kowanne kuma an rantse masa cewa shi ne ciwon.

"Malam, na gaji," in ji shi. "Duk wanda na kai wa sai ya jona kwamfuta, ya kira sunan wani abu, in saya a ɗaura. Kwana biyu ta koma gidan jiya. Na ƙarshen cewa ya yi burenbos ne ya ƙone."

Na ce, "Alhaji, a bar mini ita ta kwana."

"Ta kwana? Ai sauran ina tsaye suke gamawa."

Na dubi kayan da ke zube a ƙasa, shi ma ya dube su. Sai ya miƙo makulli.

Ni ba na cikin tsofaffin kanikawan da ke zagin kwamfuta. Tun 1996 Amurka ta wajabta cewa duk motar da za a sayar a can ta zo da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Wannan alheri ne. A da sai ka yi ta lalube, yanzu motar da kanta take gaya maka inda take jin ciwo. Ni ma ina da na'urata, kuma ita na fara jonawa. Ta nuna P0171.

Ma'anar wannan lamba ɗaya ce: iska ta yi yawa a cakuɗen da injin ke ƙonawa, mai ya yi kaɗan. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce famfo ba ne, ba ta ce nozul ba ne. Famfo mai rauni yana jawo ta, nozul da ya toshe yana jawo ta, sensar da ke auna iska idan ta yi datti tana jawo ta, haka nan iskar da ke satar hanya ta shiga injin ba tare da an auna ta ba. Wannan ta ƙarshen dubawarta ba ta cin ko sisi, don haka da ita ake farawa. Su kuwa daga mai tsada suka faro.

Na sa yara suka kashe rediyo, na ce kowa ya yi shiru. Na tayar da ita, na duƙa na kara kunne kusa da totur. Can ƙasa-ƙasa sai na ji wani siririn fito, sssss, yana bin numfashin injin. Na bi baƙar robar da ta taso daga iyakilina zuwa totur ina matsawa da yatsa. Daga sama lafiya lau take. Da na lanƙwasa ta, sai ga tsaga ta buɗe baki a cikin ninkin da ke ƙasa, inda ido ba ya kaiwa sai an nema. Na fesa man wankin kafireta a wurin, injin ya ɗaga murya nan take, ya sake sauka. Shi ke nan. Roba ce. Duk kayan da ke cikin buhun Alhaji lafiyarsu ƙalau, burenbos ɗin ma, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, gaskiya yake ta faɗa tun farko, ba a dai saurare shi ba.

Da a nan abin ya tsaya da na yi dariya na wuce. Amma tunda mota ta kwana a hannuna sai na bi ta lungu-lungu, abin da na gani kuwa ya hana ni dariya.

An cire tamostat. Wannan ɗan ƙarfe shi ne ke riƙe ruwa a cikin injin har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, a irin wannan mota wajen digiri 82, sannan ya buɗe ruwa ya zaga lagireto. Idan ka cire shi injin ba ya saurin kai zafinsa, burenbos ya yi ta ƙara mai yana zaton har yanzu safiya ce, fetur ya riƙa wanke bakin man da ke jikin silinda, ringi su ci kansu a hankali. Mai mota ba zai gani ba yau, ba zai gani ba gobe. Sai bayan shekara ya ga hayaƙi, ya ce injin ya tsufa. Fanka kuma an haɗa ta kai tsaye, da ka murɗa makulli ta kama juyi ba hutu. A lagireto babu ruwan kulan, ruwan famfo ne tsura, har ya yi ja don tsatsa. Wani ya ga allurar zafi ta hau sau ɗaya, maimakon ya nemi dalili, ko marfin lagireto ne ya saki, ko lagireton ne ya toshe, sai ya rufe bakin duk abin da zai sake yin ƙorafi.

A akwatin fiyus na tarar da waya a naɗe a gurbin fiyus mai 15, shuɗin nan. Fiyus an yi shi ne don ya mutu a madadin mota. Wanda ya sa masa wayar da ba ta ƙonewa, ya zaɓi wayarin ɗin motar ya ƙone ke nan, wata rana da mutane a ciki. Notin taya kuwa sai da muka sa bututu a sifana yaro ya hau kai kafin su motsa, alhali ɗaurin ƙaramar mota bai wuce awo 100 zuwa 120 a sifanar awo ba. Man birki ya yi baƙi ƙirin. Shi yana shan danshi ne daga iska, shi ya sa ake canza shi wajen duk shekara biyu: man birki irin DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, idan ya sha ruwa ya sauko wajen 155, a doguwar gangara ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse.

A daren nan na daɗe ina tuna maigidana, Allah ya jiƙansa. Na shiga hannunsa lokacin da 504 ke tashe, motar da Peugeot ta fitar a 1968, mai kafireta da kontak. Na daɗe ban taɓa injin ba. Aikina wanke noti a kwanon fetur, in jera su a kan tsumma yadda aka kwance su, na farko a hagu, na ƙarshe a dama. Idan noti ɗaya ya ragu bayan an gama haɗa aiki, ba a jefa shi a aljihu, sake kwancewa ake yi. Daga baya ya fara kirana idan mota ta shigo. Zai ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin injin, ya manna mini ƙotar a kunne.

"Kai yaro, me ka ji?"

"Ƙara nake ji, Maigida."

"Ƙara kowa na ji, har mai wucewa. Daga sama take ko daga ƙasa? Da gudun injin take tafiya ko da gudun taya? Da sanyi take yi ko sai ta yi zafi?"

Sai na amsa waɗannan uku yake barin in ɗauki sifana. Ɗaya, uku, huɗu, biyu, jerin tashin wuta, haddace shi muka yi. Tazarar kontak da ma'auni ake sa ta, ba da ido ba. Notin top, wato kan injin, daga tsakiya ake fara ɗaurewa a fita waje, a zagaye a hankali har sau uku, don kada ƙarfen ya karkace. Ba ya ƙaunar guduma. Idan ya ji bugu daga wani lungun gareji sai ya ɗaga kai ya ce, "Wa ke faɗa da mota?"

Kada a ɗauka ina cewa zamaninmu kowa gwani ne. Akwai 'yan cuwa-cuwa a da ma, da yawansu. Sai dai motar da tana da haƙuri. Ka zuba mata bakin mai mai kauri 20W-50, ka kuskure saitin wuta kaɗan, za ta yi tari ta tafi. Ta yanzu hanyoyin manta sirara ne, an rubuta 5W-30 a marfinta, da man ne ma take juya saitin bawul. Mota ta ƙara wuya, lokacin koyo kuma ya ragu. A Jamus tun 2003 suka haɗe kanikanci da wayarin ɗin mota suka zama sana'a ɗaya, shekara uku da rabi ake koyonta, wasu ranaku a gareji wasu a aji. A Amurka akwai hukumar ASE mai ba kanikawa takardar ƙwarewa tun 1972, takardarta kuma ba ta har abada ba ce, duk shekara biyar sai ka sake zama jarrabawa. Inda babu mai tambayar kowa takarda, da yaro ya iya canza fulogi da takalmin birki sai ya sayi na'ura ya kafa allo.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Mai tayil ya ɗiga siminti a kusurwa huɗu ya manna, ka ƙwanƙwasa ka ji rami a ƙasa. Mai wayarin gida ya murɗa waya biyu ya naɗe da tef ya tura cikin bango, ba wayar ƙasa. Mai famfo ya shimfiɗa bututun ruwan datti ba gangara. Duk ayyukan da ake rufewa ne da fenti ko filasta ko bonet, an biya an rabu kafin su tona kansu. Masu ba da aikin ma ba su fita ba. Mutumin da ke tsaye a kanka yana kaɗa makulli, wanda zai biya kuɗin sabon ƙarfe da murna amma ya ga kuɗin bincike asara ne tunda bai ga an canza komai ba, shi ne ya koya wa kanikawa cewa a sayar da kaya riba take.

Washegari Alhaji ya zo. Na nuna masa robar, na tayar da motar ta tsaya cak a silo ba ko motsi. Bai ce komai ba, ya juya ya fita. Ba a jima ba sai ga shi ya dawo da wani saurayi a bayansa, wanda bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, na'ura a hannu, ido ya yi ja. Shi ne mai zancen burenbos.

Alhaji ya so a yi hayaniya. Na ce ya yi haƙuri ya zauna. Na miƙa wa yaron robar ban faɗa masa komai ba. Ya juya ta, ya juya ta, bai gani ba. Na ce ya lanƙwasa. Da tsagar ta buɗe sai ya yi shiru.

"Wa ya cire tamostat?" na tambaye shi.

"Ni ne, Baba. Ogana ya ce na ƙasashen sanyi ne."

"Ogan naka wa ya koya masa?"

Ya faɗi yadda abin yake. Ogansa bai kai ga yaye ba ya gudu daga hannun nasa maigidan. Shi kuma bai cika shekara a wurin ogan ba ya buɗe nasa wurin, saboda gida ana jiran abin da zai kawo. Bai taɓa ganin an sauke injin an kwance shi har kiransha an mayar ba. Bai taɓa riƙe sifanar awo ba. Kuma yana da almajirai biyu a ƙarƙashinsa, suna ce masa oga.

Abin da ya ja hankalina shi ne bai yi gardama ba. Yawancinsu da ka nuna musu kuskure sai su ce ai haka ake yi yanzu. Shi kuwa tambaya ya yi: "Baba, ta yaya aka san a nan za a duba, alhali kwamfuta ba ta faɗa ba?" Na daɗe ban ji yaro ya yi irin wannan tambaya ba. Na ce amsar ba ta tsaye ba ce, in yana so ya dawo.

Ban yi zaton zan sake ganinsa ba. Da sassafe na iso na tarar da shi a bakin rumfa da kayan aikinsa a jiki, almajiransa biyu na tsaye a bayansa. Ya rufe garejinsa, wai har sai ya iya. Yarana suka fara ƙus-ƙus, oga guda zai zo ya zauna a ƙasa da su. Na sa aka ba su ukun kwanon fetur da tsumma, na zube musu notin wani injin da muka sauke.

Abin da bai faɗa mini ba a ranar shi ne ya riga ya karɓi kuɗin burenbos daga hannun Alhaji, kuma babu ko kwabo a cikinsu da ya rage. Yadda na ji zancen, da yadda ya kai mu gaban 'yan sanda ni da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.