Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwana talatin da bakwai

Makon jiya na tsaya a ranar da babbar kotun jihar New York da ke Albany ta ƙi sauraren ƙarar da Auta, ƙanena da ke kurkuku, ya ɗaukaka. Abin da ban faɗa ba shi ne, daga ranar aka fara ƙirga mana kwanaki, mu kuwa muna Bronx muna zuba adashi.

Baba, Allah ya ji ƙansa, tun muna zango a Kumasi yake cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kawu ya ji wannan magana da kunnensa fiye da ni, amma shi ne ya tara mu a falo ya ce kada kowa ya ji, ko liman. Wai idan labari ya kai gida, ’ya’yansa mata ba za su auru ba. Na ce, “Kawu, ku yi haƙuri, mu tambayi waɗanda suka riga mu zuwa ƙasar nan.” Ya ce in yi shiru, ni mace ce.

Ga abin da ɓoyon ya hana mu sani. A 1996, shekara guda bayan bam ɗin Oklahoma, Shugaba Clinton ya sa hannu a wata doka da ta ba fursuna shekara ɗaya tak ya kai kukansa kotun tarayya, cewa an tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi. Wannan kukan ne suke kira habeas corpus. Bayan kotun jiha ta gama, akwai kwana 90 na zuwa Kotun Ƙolin Amurka. Suna ƙarewa, shekarar ta fara tafiya. Idan ka shigar da takardar neman sake duba hukunci a kotun jiha, wadda a New York ake ce wa 440, agogon yana tsayawa har a yanke. Tsayawa kawai, ba ya komawa farko. In kuwa shekarar ta riga ta cika, babu abin da zai tsaya.

Lauyan da muka samu ya ce 440 ba ta da wa’adi, mu cika kuɗi tukuna. Gaskiya ya faɗa, rabinta. Ni da nake kwana ina juya tsofaffi a gidajensu, da kuɗin nan aka cika.

Auta ya rubuto mini, wasiƙar tana cikin akwatina har yau, da fensir, gefenta ya yi laushi: “Yaya, wani dattijo a ɗakin karatu ya ce akwai maganar shekara ɗaya, ki tambaya.” Na kai wa Kawu. Ya ninke ta ya ce ɗan kurkuku zai fi lauya sani?

An shigar da 440 bayan shekarar ta cika da kwana 37. Sai da muka isa gaban alƙalin tarayya muka ji. Auta da kansa ya kawo shari’ar Holland ta 2010, inda Kotun Ƙoli ta ce ana iya ɗaga ƙafa idan fursuna ya yi iya ƙoƙarinsa kuma wani babban abu ya tare shi. Shi Holland wasiƙa kan wasiƙa ya riƙa aika wa lauyansa. Mu tamu ɗaya ce, kuma ba ta wuce falon Kawu ba. Alƙali ya ce kuskuren lissafin lauya bai isa ba. Ainihin kukanmu, wato maganar shaida a shari’ar Auta, ko buɗe ta bai yi ba.

Bara a bikin ’yarsa, Kawu ya riƙe makirufo yana wa’azi kan zumunci, har ya kawo maganar Baba ta cibi. Na ajiye farantina na fita waje.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin motar dare da nake shiga zuwa ziyara.