Abin da shirya ɗalibai don ganawar biza ya koya mini

Aikina shi ne taimaka wa ɗaliban da suka samu gurbin karatu a ƙasashen waje su haɗa takardunsu, har ranar da za su tsaya gaban jami'in biza. Mutum zai shafe watanni yana shiri, amma ganawar kanta, musamman a ofishin jakadancin Amurka, sau da yawa ba ta wuce minti biyu zuwa uku. Kana tsaye, gilashi a tsakaninku, ga mutane a bayanka suna jiran layi.

A ɗan lokacin nan jami'in ba tarihin rayuwarka yake nema ba. Fom ɗin neman biza na DS-160 da ka cike yana gabansa a kwamfuta, abin da yake dubawa shi ne ko bakinka ya dace da abin da ke rubuce. Shi ya sa ba na yarda ɗalibi ya miƙa wa wani fom ya cike masa shi kuma ya tafi harkarsa. Na ga wanda aka tambaya wa zai biya masa kuɗin makaranta, ya ce kawunsa, alhali a fom mahaifinsa aka rubuta. Ba ƙarya ya yi niyya ba, bai taɓa karanta fom ɗin ba ne kawai. Jami'in kuwa ba shi da hanyar sanin haka. Tun 2019 ma fom ɗin yana neman sunayen da ka yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekaru biyar da suka wuce, wa zai san wannan in ba kai ba?

Abin da ya fi sauya yadda nake shirya ɗalibai shi ne fahimtar sashe na 214(b) na dokar shige da ficen Amurka ta 1952. Dokar ta ɗauki mai neman bizar karatu ko ta ziyara a matsayin wanda ke da niyyar zama can dindindin, har sai ya gamsar da jami'in cewa zai dawo. Wato da zargi a kanka ka shiga, kuma ba don jami'in ya tsane ka ba. In ka gane wannan, tambayoyin sai su daina zama tarko. Me ya sa wannan jami'ar? Wa zai ɗauki nauyinka, kuma mene ne aikinsa? Me za ka yi in ka gama? Duk hanya ɗaya suka nufa.

Masu haddace amsa su suka fi ba ni tausayi. Za ka ji yaro yana zuba bayani kan martabar jami'a da ingancin malamanta, kalma a kan kalma, irin wanda jami'in ya ji daga bakin mutum goma tun safe. Da an ɗan karkata tambayar sai ya daskare. Gara ka faɗi jimla biyu naka na kanka: sunan kwas ɗin da ya ja hankalinka, da aikin da kake son yi da shi in ka koma gida. Ka amsa abin da aka tambaya, ka yi shiru. In ba ka ji ba, ka nemi a maimaita, wannan ba laifi ba ne. Kada ka riƙa tura takardu ta ƙasan gilashi ba a nema ba. Fasfo da I-20, wato takardar da makarantar Amurka ke ba ɗalibin da ta ɗauka, da rasit ɗin biyan kuɗi su kasance a sama, sauran su jira.

Batun ƙarya kuwa ba na sassautawa a kansa, don raminta ƙurarre ne. An taɓa hana ka biza? Ka faɗa, yana cikin bayanansu tare da hoton yatsunka. Kana da ɗan'uwa a can? Ka faɗa. Hana biza a ƙarƙashin 214(b) ba ya rufe ƙofa, za ka iya sake nema, sai dai ka sake biyan dala 185. Amma in aka kama ka da takardar bogi ko ƙarya a kan muhimmin abu, Amurka tana iya haramta maka shiga har abada, Birtaniya kuma har shekara 10. Haka kuɗin aro da ake zubawa a asusu ana gobe za a buga bayanan banki: ido yana faɗawa kansu nan take. Birtaniya ma ta shar'anta kuɗin ɗalibi su kwana 28 a jere a asusu.

Tufafi masu tsabta sun isa, ba sai ka sayi kwat ba. Ka bar waya a gida ko wurin wanda ya rako ka, don yawancin ofisoshin ba sa barin a shiga da ita.

In an hana ka, kada ka tsaya gardama a bakin taga, hukuncin 214(b) ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Ka karɓi takardar ka duba lambar sashen dokar da aka rubuta, don in 221(g) ce, sau da yawa ƙarin takarda ko ƙarin bincike ake jira. Da ka fito, tun ba ka manta ba, ka rubuta tambayoyin da aka yi maka da amsoshin da ka bayar. Da wannan takardar muke zama mu ga abin da ya kamata ya sauya kafin a sake biyan kuɗi.