Farantin ƙarƙashin mota da asarar da na yi a kansa sau biyu

A makon jiya na shiga wani gareji a Sabon Gari domin a duba mini birki, sai na tarar da ɗan ƙanwata tsugune gaban mai walda, sun shimfiɗa wani falankin ƙarfe a ƙasa suna zana shi da alli. Yaron bai daɗe da sayen tsohuwar Hilux ba, da niyyar ya riƙa shiga ƙauyukan Soba da Giwa yana kai taki yana ɗauko masara, wato sana'ar da na ƙarar da ƙuruciyata a cikinta. Da na tambaye shi abin da suke shiryawa, sai ya ce, "Kawu, faranti zan sa a ƙarƙashin inji, mai kaurin milimita 8, a liƙe shi da walda yadda ko dutsen Kufena na hau ba abin da zai sami motar." Na sa hannu zan ɗaga gefen ƙarfen, da ƙyar ya motsa, sai gabana ya faɗi, domin wannan magana ce na taɓa faɗa da bakina, kuma na san inda ta kai ni.

Kuskurena na farko ya faru tun kafin in san walda. Motata ta zo da farantinta na kamfani, wani siririn ƙarfe da ke rufe ƙasan lagireto da kaskon baƙin mai, wato kaskon da makanikai ke kira botom filet. Wata rana da aka yi mini juyen mai, yaron gareji ya ce notuna biyu sun ɓace, farantin ba ya tsinana komai sai ƙara, kuma duk zuwan da zan yi sai an ɓata lokaci wajen kwance shi. Na amince aka jingine shi a bango na tafi. Har yau nakan ce wa kaina lokacin rani ne, hanyoyi a bushe suke, motocin kasuwa da yawa kuma haka suke yawo tsirara, amma gaskiyar ita ce kuɗin noti biyu da jiran minti goma na ƙi.

Da damina ta kankama, na ɗauki buhunan takin zamani na ratse daga titi bayan Maigana. Tarakta da manyan motoci sun riga sun haƙa sawu biyu masu zurfi, suka bar tudu a tsakiya, kuma duk wanda ya san irin wannan hanya ya san cewa idan tayoyi suka faɗa cikin sawun, cikin motar ne ke goga tudun. Akwai dutsen marmara a ɓoye cikin taɓon. Na ji wani duka mai nauyi ta ƙarƙashin ƙafata, ba a jima ba jar fitilar baƙin mai ta kama. A nan ya kamata in kashe inji nan take, amma hadari ya haɗo, taki kuwa ba ya shiri da ruwa, kuma ba nawa ba ne, na manoman da suka ba ni amana ne. Na ce bari in lallaɓa zuwa ƙauyen da nake hangowa. Ban isa ba injin ya buga. Da na sauka na waiwaya, sai ga baƙin layin mai ya biyo ni a kan jar ƙasa tun daga wurin dutsen. Idan mai ya tsiyaye, famfon mai iska kawai yake zuƙa, karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ya ci gaba da juyawa a bushe har ya cinye mazauninsa, kuma wannan aikin 'yan mintuna ne. Ribar damina guda ta tafi a gyaran inji, takin da na yi ƙoƙarin ceto kuma ruwa ya dake shi.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin da hankalina na yi shi, ina ganin na koyi darasi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na sayi ƙarfe mai kaurin milimita 8, na sa aka liƙe shi da walda a jikin shasi, aka matso da shi dab da kaskon mai don kada motar ta rasa tsayi, ba a huda masa ko rami ɗaya ba. Murabba'in mita ɗaya na irin wannan ƙarfe ya kai kusan kilo 63, nawa kuwa ya tasam ma kilo 50, wato buhun siminti na rataya wa gaban motar dare da rana. Gaba ya zauna, shokazoba suka fara yoyo, tsayin da nake tsoron rasawa na rasa shi ta wata hanyar. Ranar juyen mai ta farko sai da aka ƙona rami da wuta kafin a kai ga notin da ake kwancewa mai ya zuba. Taɓo ya riƙa shiga ta baya ba shi da mafita, ya bushe tsakanin faranti da kasko kamar tubali, ya hana iska sanyaya mai.

Ba zan ce babu wanda ya gargaɗe ni ba, wani dattijon bakanike a Tudun Wada ya girgiza kai da ya leƙa, amma bai yi mini bayani ba, ni kuma a lokacin babu wayar da zan bincika, kuma wanda ya biya kuɗin inji sau ɗaya ba ya jin maganar rage kauri. Da kaka, a hanyar fadama wajen Hunkuyi, na ji ƙauri, na tsaya na ga hayaƙi na fita ta ƙasa, ashe busasshiyar ciyawa da ganyen kara ne suka taru a kan farantin kusa da bututun salansa. Da ƙasa da ruwan jarka muka kashe ta. Bayan haka na daki kututture, farantin ko lanƙwasa bai yi ba, sai ƙarfin dukan ya wuce zuwa wurin waldar ya tsaga ƙarfen shasi mai gicciye. Mafi muni, farantin ya sa mini ƙarfin hali, na daina sauka in duba hanya, har na lotsa tankin mai wanda ba shi da wata kariya ko kaɗan.

Na yi niyyar jera wa yaron shawarwari goma, amma da na ga idonsa na kan waya yana nuna mini bidiyon wasu Turawa suna hawan duwatsu a Amurka da Ostareliya, sai raina ya ɓaci, suka ragu. Waɗannan mutane wasa suke yi da motar da ba ita ke ciyar da su ba, ba kuma buhu goma sha biyar suka ɗauko ba, amma yaran yanzu sun fi yarda da wanda ba su taɓa gani ba a kan kawun da ya kwana a daji.

Na ce masa kada wuta ta taɓa shasinsa. A ɗaura faranti da notuna a ramukan da kamfani ya tanada, notuna masu lamba 8.8 a kansu ko sama da haka, wato lambar da ke nuna ƙarfin noti, kawunansu a nutse ko a kewaye su da zoben ƙarfe, domin dutse yana aske kan noti har sifana ta kasa kama shi. A bar tazarar da yatsu biyu za su shiga tsakanin faranti da kasko, a huda ramin juyen mai da ramukan da ruwa da taɓo za su zube, a karkata bakin gaba zuwa sama yadda motar za ta zame a kan tudu maimakon ta tokare shi. Ƙarfe mai milimita 3 ko 4 da aka naɗe gefensa aka yi masa haƙarƙari ya ishe shi, domin lanƙwasa ce ke ba faranti ƙarfi, kuma gara faranti ya lotsa a buge shi da guduma da shasi ya tsage.

Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya bisa uku ne na ƙarfe, kuma ba ya tsatsa. Mai kaurin milimita 6 bai wuce kilo 16 da ɗoriya ba a murabba'in mita, don haka na ce masa in da hali shi ya fi. Sai kuma na janye, domin dutse yana kartar alminiyam ya riƙe shi, yana da tsada, kuma idan ya tsage a ƙauye ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba, alhali baƙin ƙarfe ko'ina za a gyara. Ya ce, "To Kawu, wanne ke nan?" Na ce ƙarfe, a shafa masa fenti, ragowar kuɗin kuma ya rufe akwatin giyar motar da tankin mai da su. Na kuma ce ko da ya sa duk waɗannan, ya riƙa tuƙi kamar babu komai a ƙasa, ya ɗora taya ɗaya a kan tudun tsakiya, kuma jar fitila na kamawa ya kashe inji ko da kayan sarki ya ɗauko.

Bai ce ya yarda ba. Ya dai sa mai walda ya jingine falankin, ya ce ranar Asabar zai kawo motar mu shiga ramin gareji tare mu auna. Na roƙe shi ya binciki wanda ya sayar masa ko farantin kamfanin yana nan a jingine a wani bangon, domin na leƙa ƙasan motar na ga ramukan notinsa huɗu a buɗe.