Auna Narkewar Gishiri a Sanyin Jos

A watan Janairu, hunturu na tsakiyar busawa a Jos, na shirya wa 'yan aji biyu na babbar sakandare gwajin auna yawan gishirin da ruwa ke iya narkarwa. Littafi ya ce kusan giram 36 ne a cikin giram 100 na ruwa idan zafinsa digiri 20 ne. Na so su fitar da wannan lamba da hannunsu.

Kayan aikin ba su da yawa: sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram, ma'aunin zafi, tataccen ruwa, takardar tacewa, mazurari, ɗan farantin tangaran da risho. Muka zuba ruwa mililita 50 a kofin gilashi, muna ƙara gishiri kaɗan-kaɗan muna juyawa, har ya kai wanda muka zuba ya kwanta a ƙasa ya ƙi narkewa. A nan ne ruwan ya ƙoshi. Kada a yi gaggawar cewa ya ƙoshi, domin gishirin ƙarshe yakan ɗauki lokaci. Mu sai da muka yi minti goma muna juyawa. Daka gishiri da juyawa sauri kawai suke ƙarawa, ba sa sa ruwa ya ɗauki fiye da ƙarfinsa.

Daga nan muka tace, muka auna farantin babu komai, muka zuba masa giram 27.2 na ruwan gishirin, muka ɗora a wuta don ruwan ya ƙafe. Duk matsalar gwajin a wannan mataki take. Rukuni na farko sun ƙure wuta, da ruwan ya kusa ƙarewa sai gishirin ya fara tsalle yana fallatsa kan tebur, ana jin ƙararsa tas-tas, lissafinsu ya faɗo zuwa 33. Na biyu kuma sun sauke da wuri, saman ya yi fari fat amma ƙasan da danshi. Sikeli ya ba su giram 7.9, suka lissafa ruwa a matsayin gishiri, suka sami 41. Maganin duka biyun shi ne a ƙarasa busarwar a kan tururin tukunya, a bar farantin ya huce, a auna, a sake ɗorawa, a sake aunawa, har lamba ta tsaya cak sau biyu a jere. Da aka yi haka sai muka sami gishiri giram 7.2, ruwan da ya tashi giram 20. A ninka sau biyar, ga 36 nan.

Wani ɗalibi ya ce, "Malam, ai da mun tafasa ruwan da ya sha gishiri ninki biyu." Shayi ne ya ruɗe shi. Sukari kam haka yake: giram 100 na ruwa na ɗaukar kusan giram 200 a digiri 20, a digiri 100 kuma ya haura 480. Gishiri ba ruwansa, daga 36 zuwa 39 kawai yake matsawa. Kuma a nan Jos digiri 100 ɗin ma ba a samunsa a buɗaɗɗiyar tukunya. Garin yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, iska ba ta danna ruwa kamar yadda take yi a Legas, saboda haka ma'auninmu a wajen 96 ya tsaya. Yara sun ɗauka ya lalace ne.

Abin da ya fi koya musu darasin wani sinadari ne mai kama da gishiri, fotasiyam naitiret. Da rana, zafin ɗaki na wajen digiri 25, na narkar da giram 38 a giram 100 na ruwa, ya yi garau, na rufe na ajiye kusa da taga. Washegari da sassafe ma'auni na nuna 12, gindin kwalbar ya cika da dogayen ƙwayoyi masu sheƙi kamar allurai. Ba abin da ya lalace. A digiri 10 ruwan giram 21 kacal yake iya riƙewa, a 20 kusan 32, a 60 kuma har 110, don haka da sanyi ya sauko sai ya amayar da rarar. Muka tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, allurai suka ɓace. Tun ranar ba na karɓar amsar da ba a rubuta zafin ruwa kusa da ita ba, kuma ina manna wa kowace kwalba takarda mai ɗauke da awon zafin da aka haɗa ta.

Mun gwada kanwa ma, amma ba na ba da shawarar a yi lissafi da ita. Ta kasuwa gauraye take da yashi da ƙasa, abin da ya rage a takardar tacewa datti ne, ba kanwar ce ta ƙi narkewa ba.

Kuskure ɗaya ya rage da nake gani kowace shekara, wajen haɗa ruwan gishiri mai ƙarfin mol ɗaya a lita, wato giram 58.5 na gishiri a kowace lita ta haɗin. Yaro zai auna giram 58.5 ya juye a cikin lita guda cif, ruwan ya haura zanen lita na kwalbar awo, ƙarfinsa ya ragu. A fara narkar da gishirin a rabin ruwan, a juye a kwalbar awo, a ɗauraye kofin sau biyu a zuba ciki, sannan a ciko da ɗigo-ɗigo, ido daidai da zanen lita, har ƙasan lanƙwasar ruwan ya taɓa shi.